Hurumin gari na wane ne a idon doka?

Idan aka tambayi dattijo a wani ƙauye na ƙasar Ringim ko Gaya ko Gumel inda iyakar gonarsa take, ba zai yi inda-inda ba. Zai nuna layin gamba, ya nuna adurukun da mahaifinsa ya dasa, ya nuna tsamiyar da suke raba 'ya'yanta da maƙwabci. Idan aka ce ya nuna hurumin gari, wato makiyaya da burtali da mashaya da kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini, nan ma zai nuna, kuma ko yaran gari za su gaskata shi. Amma a ce ya kawo takardar da ta ce wannan hurumi na mutanen garin ne, sai a yi cirko-cirko, domin babu ita. Shi ya sa duk ranar da aka tashi neman fili, ko don kamfani, ko don rukunin gidaje, ko don wani babba mai son gona, hurumi ake fara ci. Gonar mutum ɗaya tana da mai kuka a kanta. Ƙasar kowa da kowa kuwa, a takarda ba ta kowa ba ce.

Ra'ayina a fili yake. Ƙauye, a matsayinsa na jama'ar da ke zaune wuri guda suna cin moriyar ƙasa guda, ya cancanci doka ta san shi da sunansa da iyakarsa, kuma kada a yanka huruminsa ko a kwashe gonakinsa a dunƙule sai taron gari ya ji, ya fahimta, ya yarda. Wanda ya ce wannan baƙon tunani ne bai waiwayi tarihinmu ba. Malaman Malikiyya sun yi bayanin harimin gari, filin da ke kewaye da shi inda ake itace da kiwo, wanda ba a yarda mutum ɗaya ya keɓe wa kansa ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan dalilan da ke sa mutum ya keɓanta da fili. Hadisi ya ce Musulmi abokan tarayya ne a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Wani hadisin kuma ya yi gargaɗin cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi tun daga ƙassai bakwai.

Yadda ikon ya kuɓuce daga hannun gari bai faru rana ɗaya ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun yi shelar dokar ƙasa a 1910 wadda ta sanya dukkan filayen Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, aka sabunta ta a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta gaje ta a dokar 1962. Duk da haka, a aikace En'e, wato hukumar gargajiya, ce ke tafiyar da komai, daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. A ƙasar Kano har malaman taki aka yi, masu auna gonaki da taku suna rubutawa saboda haraji. Don karɓar kuɗi aka yi wannan awo, amma ya nuna cewa rubuta gonakin ƙauye ɗaya bayan ɗaya abu ne da aka taɓa yi a nan da ƙafa da alƙalami. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e, sannan a ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda har yau da ita ake aiki.

Ya kamata kowane manomi ya san abin da wannan doka ta ce, domin da ita ake karɓe masa gona, kuma a cikinta akwai abin da zai kare kansa da shi. Sashe na 1 ya damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin zama na gargajiya a filayen da ba na birni ba, har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo. Abin da ya haura haka sai da yardar gwamna. Sashe na 36 ya ce wanda dokar ta tarar yana noma gonarsa zai ci gaba da riƙe ta tamkar an ba shi wannan izini, ko da ba shi da takarda. Dagaci da mai unguwa, waɗanda har gobe su ake kira shaida in za a sayar da gona, dokar ba ta ba su ikon raba ƙasa ba. Kwamitin ba da shawara kan rabon filaye da sashe na 2 ya ce a kafa a kowace ƙaramar hukuma kuwa, da wuya ka sami manomin da ya san sunan mutum ɗaya a cikinsa. An karɓe iko daga wanda ya san iyakoki, an miƙa wa ofishin da ba shi da taswira, gari ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Nisan da ke tsakanin dokar da rayuwar mutane ya fi fitowa a ƙaramin sashe na 5 da na 6 na sashe na 36. Sun hana yanka irin wannan gona fulotai ko miƙa ta ga wani, sun ce takardar cinikin banza ce, har da tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara guda. Alhali babu ranar kasuwar da ba a cinikin gona a karkarar Kano da Jigawa. Ga kuma sashe na 3, wanda ya ba gwamna damar ayyana kowane yanki a matsayin birni ta hanyar sanarwa a gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga dokokinta. Da zarar an yi haka, ikon ƙaramar hukuma a kan filin ya ƙare. Wannan ne ke cin ƙauyukan Kumbotso da Ungogo da Dawakin Kudu da Gezawa, da na kewayen Dutse. Lissafin ba boyayye ba ne: hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba, don haka ko an cire hanyoyi, hekta za ta ba da fuloti goma sha biyar ko fiye. Dillalin awon igiya ya san wannan lissafi, jami'in gwamnati ya sani. Mai gonar ne yawanci ke ganewa bayan ya sa hannu.

Maganar diyya ita ce ta fi ciwo. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izinin kowa saboda maslahar jama'a, kuma fassarar maslahar jama'a a dokar ta haɗa da neman fili don bunƙasa tattalin arziki ko masana'antu ko noma, ƙofar da kamfani mai zaman kansa ke iya shigowa ta ciki. Sashe na 29 kuma ya taƙaita diyya ga abin da aka ɗora a kan ƙasa: shuka, gini, rijiya, itatuwa. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. A duba abin da wannan ke nufi a gonar tudu. Idan masu ƙidaya suka zo a watan Maris, babu komai a gonar sai kututturen karan dawa, to me za su rubuta? Shekara ashirin da mai gona ya yi yana kai takin gida a mangala har ƙasar ta yi baƙi ba ta da layi a fom ɗinsu. Saurar da aka bari ta huta, a wurinsu fili ne da babu kowa. Ɗorawa ko kuka da ta shekara hamsin tana ba mace kalwa da ganyen miya, za a yi mata kuɗi sau ɗaya bisa jadawalin farashin da jami'i ya zo da shi, wanda sau da yawa hauhawar farashi ta riga ta cinye. Wanda ke noma gonar aro, da matar da ke da gayauna a cikin gandun mijinta, da makiyayin da shanunsa ke cin harawa a wurin kowace kaka, sunansu ba ya shiga jerin. Idan filin na jama'a ne, dokar ta bar wa gwamna zaɓi: ya ce a biya jama'ar, ko a ba shugabansu ya sarrafa, ko a zuba a wani asusu. Daga nan ne ake samun garin da aka ce an biya shi, alhali talakawansa ba su ga ko sisi ba.

Akwai wani tanadi da ba a cika faɗa wa manoma ba. Ƙaramin sashe na 6 na sashe na 6 ya ce idan an soke izinin gargajiya a kan filin da ake nomawa, wajibi ne ƙaramar hukuma ta ba mai shi wani filin noman. A yankin da ya cika da jama'a kamar kewayen Kano, inda babu daji sai gona na bin gona, wannan fili daga ina zai fito? In an matsa, daga hurumin wani garin za a yanko shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙwace gonaki da yawa a lokaci guda ba a gari ɗaya ɓarnarsa ke tsayawa ba.

Mun ga misalai. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoman da suka tare hanyoyi suna neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye sun gamu da harsasan 'yan sanda a watan Afrilun 1980, aka rasa rayuka. A Jigawa, shirin ba wani kamfani hekta 12,000 don noman rake a ƙananan hukumomin Gagarawa da Taura da Garki da Sule Tankarkar ya tayar da ƙura a 2016 da 2017, manoma da yawa suka ce ba su yarda ba. Wani lokacin ma ba sai an taɓa ƙasar ba. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ta raya noman rani a Kura da Kadawa da Bunkure, wannan gaskiya ne. Amma ita da ta Challawa da aka kammala a 1992 sun canza yadda ruwa ke malala a fadamun Haɗejia zuwa Nguru, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse wasu suka bushe. Mutanen Guri da Kiri Kasamma ba su da kujera a inda ake yanke shawarar lokacin sakin ruwa, alhali su ke kwana da sakamakon.

A wasu ƙasashe, wannan gwagwarmaya da sunan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ake yin ta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙoƙinsu a ranar 13 ga Satumba, 2007, kuma ginshiƙinta shi ne kada a tashi jama'a daga ƙasarsu sai da yardarsu, yardar da aka nema tun kafin a fara aiki, ba tilas, bayan an yi musu cikakken bayani. Nijeriya na cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar. A Kenya, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta ba 'yan ƙabilar Endorois gaskiya a 2010 kan ƙasarsu ta bakin tafkin Bogoria, sannan Kotun Afirka da ke Arusha ta ba 'yan Ogiek gaskiya a 2017 kan dajin Mau. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da aka dogara da ita a shari'o'in biyu, Nijeriya ta mayar da ita dokar cikin gida tun 1983.

Ina goyon bayan ƙa'idar neman yarda ɗari bisa ɗari, amma ina tsoron kalmar ɗan asali a bakinmu. A ƙasar nan ta zama wuƙa: da ita ake hana mutumin da aka haifa a gari gurbin karatu, da ita aka zubar da jini a Jos da wasu wurare. Idan aka ce ƙasar ƙauye ta 'yan asali ce, gobe wani zai miƙe ya ce rugar Fulanin da ta shekara sittin a gefen gari baƙuwa ce, ko ya ce Maguzawan da suka riga kowa sare dajin ba su da baki saboda ba su da yawa. A gabashin Jigawa, Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa a fadama ɗaya suke ci. Fili guda, lokacin ambaliya na masunta ne, ruwa ya ja ya zama na mai shinkafa, rani ya yi ya zama na shanu. Saboda haka ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne zama da amfani: duk wanda ke zaune a ƙasar garin ko yake cin moriyarta bisa al'adar da kowa ya sani, yana da murya.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba, ƙetaren Maigatari da Ɓaɓura ya isa. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar karkara a 1993 wadda ta daidaita haƙƙin gargajiya da na takarda, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa tun daga matakin gunduma har ƙauye. A kwamitin ƙauye, mai gari ne shugaba, akwai magatakarda, akwai wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Su ke ba da takardar shaidar gado da saye da kyauta da aro da jingina da haya, su ke sa ido kan burtali da mashaya. Kowace shekara hukuma na sanar da ranar da za a saki gonaki dabbobi su shiga. Tsarin yana da rauninsa, kwamitoci da yawa ba su da kuɗin aiki, amma Hausawa ne irinmu ke tafiyar da shi a Maraɗi da Damagaram. Kenya kuma a dokarta ta filayen al'umma ta 2016 ta ce ba a rabuwa da filin jama'a sai kashi biyu cikin uku na baligan da ke rajistar al'ummar sun amince.

Wani zai ce, to a mayar wa sarakuna ikonsu mana a huta. Ban yarda ba, ko da yake ina girmama sarauta. Akwai dagatai masu tsoron Allah da suka hana a taɓa burtali ko da an yi musu barazanar tuɓe rawani. Akwai kuma waɗanda da hannunsu aka yanka makiyaya aka sayar, har gefen maƙabarta. Ban da haka, rawani a yau a hannun gwamnati yake. Tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba, kuma kowa ya ga yadda doka ɗaya ta raba masarautar Kano gida biyar a 2019, wata dokar ta rushe rabon a 2024. Wanda za a iya cirewa da takarda ɗaya, bai kamata a bar shi shi kaɗai ya tsaya tsakanin gari da mai neman ƙasarsa ba. Kwamiti da taron gari kariya ce ga dagacin kirki, domin zai iya cewa, “Ranka ya daɗe, ba ni kaɗai ke da magana ba.”

Gyara dokar 1978 abu ne mai wuya, saboda sashe na 315 na tsarin mulki ya ɗaure ta, sai an bi matakan gyaran tsarin mulki kafin a taɓa ta. Kwamitin gyaran harkar filaye da marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya nuna cewa filayen da ke da rajista a ƙasar nan ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba, ya kuma gwada rajistar bai-ɗaya a Kano da Ondo, amma dokar tana nan yadda take. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ga abin da gari zai iya yi da dokar da ke hannu.

A fara da taron gari, a sanar da shi mako biyu kafin ranar, a masallatai da kasuwa, a aika wa kowace unguwa da kowace ruga. Mata a yi musu nasu zaman, domin a gaban surukai ba za su buɗe baki ba, kuma su suka san kowace bishiya da mai ita. A zaɓi kwamitin mutum tara ko goma sha ɗaya: dagaci, liman, sarkin noma, arɗo, sarkin ruwa inda akwai masunta, mata biyu aƙalla, da matashi mai ilimi a matsayin magatakarda. A yanka musu wa'adi, a ce shekara uku, a rubuta abin da aka zartar da boko da ajami.

Sai zagayen iyaka. Lokacinsa bayan an gama kawar da amfanin gona, Disamba zuwa Janairu, sa'ad da ido ke ganin nesa, makiyaya suna kusa, kuma 'yan ci-rani ba su gama watsewa ba. Idan aka bari sai Afrilu, za a yi aikin babu rabin magidanta, su dawo su ce ba da su aka yi ba. Iyakar gari da gari, dole a taka ta tare da dattawan ɗaya garin. Taswirar da ɓangare ɗaya ya zana shi kaɗai rigima take haifarwa. A kowace kusurwa a ɗauki lambobin GPS na wurin da wayar hannu, a tsaya minti ɗaya ko biyu har lambar ta daina rawa, a ɗauki hoto da shaidu a ciki. Waya kan yi kuskuren mita uku zuwa biyar a fili, wanda ya isa hujja a kan makiyaya mai faɗi, amma bai isa raba gardamar kunya biyu tsakanin maƙwabta ba. Wannan sai safiyo mai rajista. Burtali a kafa masa turakun siminti gefe biyu, duk mita hamsin zuwa ɗari, a bi bayansu da shuka aguwa ko cini-da-zugu. Turke ana iya tuge shi dare ɗaya a matsar, shinge mai rai kuwa yana barin shaida. Kuma a bi burtalin har inda ya haɗu da na garin gaba, domin burtalin da ya toshe a tsakiya shi ne ke tura shanu cikin gero. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa tana nan tun 1965, amma makiyayar da ba a yi wa gazet ba, ba ta da wata kariya ta a-zo-a-gani.

Daga nan a buɗe littafin gari. Kowace gona a rubuta mai ita, yadda ya same ta, maƙwabtansa gabas da yamma, kudu da arewa, itatuwan da ke ciki da masu su, da wanda ke nomawa yanzu da sharaɗin da yake kai. Wannan layi na ƙarshe ya fi kowanne muhimmanci. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi akwai hauzi: wanda ya riƙe fili shekara goma yana amfani da shi, mai shi yana nan yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, da'awarsa na iya faɗuwa, sai in ya tabbatar cewa aro ne ko jingina ko haya. To aron da aka yi da baki shekara talatin da suka wuce, shaidu sun rasu, wa zai tabbatar da shi? Shari'un gona da yawa daga nan suke tasowa, wasu kuma daga gadon da aka ƙi rabawa har jikoki suka taso, aka haɗiye rabon mata. Gonar da ke cikin rigima a rubuta cewa tana cikin rigima, kada kwamiti ya mai da kansa kotu. In an gama, a kafe jerin a bainar jama'a kwana talatin don mai ƙorafi ya fito, sannan a yi kwafi uku: ɗaya a gari, ɗaya a gidan hakimi, ɗaya a ƙaramar hukuma.

Ƙaramin sashe na 3 na sashe na 36 ya ce idan mai gona ya kai zanen filinsa ko cikakken kwatancensa tare da takardar neman rajista, ƙaramar hukuma, in ta gamsu, za ta yi masa rajista a matsayin mai izinin gargajiya. Gari ya kai nasa a dunƙule, ya fi arha kuma ya fi wuyar a yi watsi da shi. Hurumi kuwa yana buƙatar suna da doka ta sani. Fassarar dokar ta ambaci haƙƙin mutum ko al'umma, sashe na 6 kuma ya yarda a ba ƙungiya izini, don haka gari na iya yi wa ƙungiyarsa rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, a nemi izinin makiyaya da sunanta. A nan akwai tarko: amintattu uku ko huɗu na iya wayar gari suna ɗaukar filin kamar nasu. Maganinsa a rubuta a kundin ƙungiyar cewa ba sayarwa, ba jingina, ba haya mai tsawo, sai da sa hannun kashi biyu cikin uku na baligan gari, maza da mata.

Kada a ruɗi kowa, wannan takarda ba za ta hana gwamna amfani da sashe na 28 ba. Abin da take yi shi ne ta hana a ce fili ba na kowa ba ne. Doka ta wajabta a ba mai haƙƙi sanarwar sokewa a rubuce, kuma Kotun Ƙoli ta sha yanke hukuncin cewa takardar mallaka ta gwamna ba ta shafe haƙƙin wanda ya riga, muddin ba a soke nasa bisa ƙa'ida ba. Garin da ke da littafi da taswira yana da abin ajiyewa a gaban alƙali, yana kuma da ƙarfin ciniki. Ba na adawa da masu zuba jari. Jigawa na buƙatar masana'antar sukari da injinan casar shinkafa, matasanmu na buƙatar aiki. Amma in kamfani ya zo, gari ya nemi taswirar filin da ake so kafin komai, ya fifita haya mai wa'adi da kuɗin shekara-shekara a kan rabuwa ta har abada, ya nemi tsarin da manomi zai noma a gonarsa kamfani ya saya, ya dage a yi ƙidayar diyya da damina shuka na tsaye, kowa ya karɓi kwafin abin da aka rubuta masa a wurin, kuɗi kuma ya shiga asusun kowane mutum kai tsaye. Alkawarin rijiya da asibiti da ɗaukar ma'aikata, in ba a rubuta shi da adadi da rana ba, kada a lissafa shi.

Masu cewa a ba kowane manomi takardar mallakarsa shi kaɗai a wuce wurin, sun faɗi rabin gaskiya. Takarda na kare gona, amma tana kuma sauƙaƙa sayar da ita ranar da ciwo ko biki ya matsa, kuma ba ta da gurbin masunci da makiyayin da ke zuwa fadamar a nasu lokacin. Shi ya sa nake ganin a fara da iyakar gari da hurumi, gonakin ɗaiɗaiku su biyo baya.

Majalisun dokokin Kano da Jigawa ba za su iya goge dokar tarayya ba, amma babu abin da ya hana su yin dokar da za ta amince da kwamitin ƙasa na ƙauye da littafinsa, ta wajabta zama da taron gari a rubuta sakamakonsa kafin a karɓi fili mai yawa, ta kuma sa a sabunta jadawalin diyya a kai a kai a manna shi inda kowa zai gani. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, uzurin rashin kuɗin sayen kabad da ɗaukar safiyo ɗaya ya ragu. Kafin majalisa ta motsa, wakilan gari su je sakatariyar ƙaramar hukumarsu a wannan rani da wasiƙa a rubuce, su nemi sunayen 'yan kwamitin ba da shawara kan rabon filaye da fom ɗin rajistar izinin gargajiya, su tabbatar an buga wa kwafinsu hatimin karɓa da kwanan wata kafin su baro ofishin.